Zuwa Na Ɗaya Daban, Samun Rinjaye Daban: Darasin KwaZulu-Natal

Wata safiya a teburin mai shayin da ke bakin tashar motar unguwarmu, rediyo na rataye jikin ƙusa yana kawo labaran duniya, sai aka zo kan lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Mai karanta labarai ya ce jam'iyyar tsohon shugaban ƙasa Jacob Zuma ce ta fi kowace kujeru a majalisar lardin, amma ita ce ke adawa, domin wasu jam'iyyu huɗu sun haɗa kai sun kafa gwamnati ba da ita ba. Wani direban bas ya dire kofinsa ya ce, "Wallahi wannan fashi ne da rana tsaka. Mutum ya ci zaɓe, a yi masa taron dangi a ƙwace? Ashe maguɗin ba a nan kaɗai ake yin sa ba."

Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya dube shi ya ce, "Ɗana, kujeru nawa ne a majalisar tasu?" Direba ya ce bai sani ba. "Shi kuma nawa ya samu?" Ya ce, "Baba, ai an ce shi ya zo na ɗaya." Dattijon ya ce, "To ka fara sanin lissafin tukuna, sannan ka yi rantsuwa." Duk da haka yawancin mutanen teburin direban suka mara wa baya.

Wannan ƙorafi ba sabo ba ne a kunnena. Duk lokacin da aka ji an kafa gwamnatin haɗin gwiwa a wata ƙasa aka bar jam'iyyar da ta fi kujeru a waje, sai mutanenmu su ce an yi zalunci, an yi gamin gambiza, an ci amanar masu zaɓe. Ni kuwa ra'ayina shi ne ba a yi wa kowa fashi a KwaZulu-Natal ba, kuma ƙawancen da aka ƙulla a fili, gaban jama'a, ya fi tsabta nesa ba kusa ba a kan irin sauya sheƙar da muka saba gani a gida muna yin shiru. Sai dai halaccin ƙawance abu ne guda, ɗorewarsa da amfaninsa ga talaka abu ne daban, kuma a nan ne mai ƙorafi yake da abin faɗa.

1. Abin da akwatunan zaɓe suka faɗa

KwaZulu-Natal yana gaɓar tekun Indiya, shi ne gidan al'ummar Zulu, kuma ƙidayar 2022 ta ba shi mutane fiye da miliyan 12. Cikin larduna tara na ƙasar, Gauteng kaɗai ya fi shi jama'a. A cikinsa Durban take, birnin da tashar jiragen ruwansa ta fi kowace hada-hada a Afirka ta Kudu. Majalisar dokokin lardin tana zama a Pietermaritzburg, kujerunta 80.

Ranar 29 ga Mayu 2024 aka kaɗa ƙuri'a. ANC, jam'iyyar Mandela, wadda ke riƙe da lardin tun 2004, ta sha kayen da ba ta taɓa sha ba a can: daga kashi 54 cikin ɗari da kujeru 44 a zaɓen 2019, ta faɗo zuwa kashi 17 da kujeru 14. Wadda ta yi mata wannan ɓarna sabuwar jam'iyya ce, MK, wadda sai a watan Disamba 2023 Zuma ya fito fili ya ce ita zai zaɓa, ƙasa da wata shida kafin zaɓe. MK ta kwashe kashi 45 cikin ɗari da kujeru 37. IFP, jam'iyyar marigayi Mangosuthu Buthelezi, ta samu 15. DA ta samu 11, EFF ta Julius Malema ta samu 2, sai ƙaramar jam'iyyar NFP da ta tsira da kujera ɗaya tak.

Babu mai musun cewa MK ta yi bajinta. Jam'iyyar da ba ta cika shekara da yin rajista ba ta ninka wadda ke biye da ita fiye da sau biyu. Amma rabin 80 shi ne 40, kuma mai son kafa gwamnati sai ya kawo 41.

Ranar 14 ga Yuni majalisar ta yi zamanta na farko. IFP da ANC da DA da NFP suka tsayar da Thami Ntuli na IFP, wanda ya taɓa zama shugaban ƙaramar hukumar Nkandla, mahaifar Zuma kansa. MK ta tsayar da wani basarake, Phathisizwe Chiliza. Aka kaɗa ƙuri'a: Ntuli 41, Chiliza 39. Ntuli ya zama Firimiya. Kujerar kakakin majalisa ta tafi ga Nontembeko Boyce ta ANC. A cikin kwamishinoni goma, IFP ta ɗauki huɗu, ANC uku ciki har da lafiya da ilimi, DA biyu ciki har da kuɗi, sannan Mbali Shinga, mai riƙe da kujera ɗayan nan ta NFP, ta zama kwamishinar walwalar jama'a.

2. Me ya sa 37 ba ta kai ba?

Kunnenmu ya saba da wani tsari ne daban. A Najeriya gwamna jama'a ke zaɓensa kai tsaye. Wanda ya fi ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, shi ke nan ya ci, ko da waɗanda ba su zaɓe shi ba sun fi waɗanda suka zaɓe shi yawa. Haka aka ci zaɓen shugaban ƙasa a 2023 da ƙasa da kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u, doka kuma ta amince. Mutumin da ya tashi a cikin wannan tsari, in ya ji an ce wane ya zo na ɗaya, ba ya jiran ƙarin bayani.

A lardunan Afirka ta Kudu ba haka ake yi ba. Mai zaɓe jam'iyya yake dangwala wa, a raba kujerun majalisa gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu, 'yan majalisa kuma su zaɓi Firimiya daga cikinsu. Kowa ya shiga takara ya san da wannan ƙa'ida tun kafin a buga gangar yaƙin neman zaɓe. Ba bayan an ga sakamako aka ƙirƙiro ta don a kayar da Zuma ba.

A ce mutum shida sun haɗa kuɗi sun sayi motar haya, aka raba hannun jarin gida 80. Ɗaya yana da 37, ya fi kowa. Ranar da za a zaɓi wanda zai riƙe makulli, huɗu daga cikinsu masu 41 a haɗe suka ce ga wanda suka yarda da shi. Mai 37 yana iya jin zafi, yana iya cewa ya fi kowannensu zuba kuɗi, kuma gaskiya ya faɗa. Amma ba zai ce an sace masa mota ba, domin tun farko ba tasa ba ce shi kaɗai. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ko a ƙuri'un jama'a ma lissafin bai canza ba. In aka tara abin da jam'iyyu huɗun suka samu ya kusa kashi 49 cikin ɗari, na MK da EFF a haɗe bai kai 48 ba. Tazarar kaɗan ce, amma tana nan. Duk wanda ya ce an watsar da muryar kashi 45, sai a tambaye shi ina za a kai muryar kashi 55 da suka ga sunan MK a takardar zaɓe suka tsallake shi. Su ma layi suka bi, su ma 'yan lardin ne.

Sannan ƙofar da Ntuli ya bi a buɗe take ga MK, har ma ta fi kusa da ita. Kujeru huɗu kawai take nema, EFF ta ba ta biyu. Abin da ya rage shi ne ta shawo kan ɗaya daga cikin manyan jam'iyyu uku. Amma tun ana ƙidayar ƙuri'u MK ta ce ba za ta zauna da ANC ba muddin Cyril Ramaphosa ne shugabanta. Ta ce an yi maguɗi a zaɓen da ita ce ta fi kowa cin ribarsa, hukumar zaɓe ta musanta, 'yan majalisarta na tarayya suka ƙaurace wa zaman farko. Manufofinta kuma sun haɗa da sauya tsarin mulkin ƙasar ta yadda majalisa za ta fi kotu ƙarfi, da karɓe filaye ba diyya, da mayar da ma'adinai da manyan bankuna hannun gwamnati. Mutum yana iya son waɗannan manufofi, yana iya ƙin su. Amma wanda ya zo kasuwa da farashin da ba ya ragi, kada ya yi mamaki in masu saye suka wuce rumfar gaba. A irin wannan tsari, iya tara jama'a rabin aikin ne, ɗaya rabin shi ne iya zama da wanda ba naka ba.

Kuma ANC kanta ta taɓa ɗanɗana wannan. A zaɓen 1999, a lardin Western Cape inda birnin Cape Town yake, ita ta zo ta ɗaya da kujeru 18 cikin 42. Jam'iyyun NNP da DP suka haɗa kai suka kafa gwamnati suka bar ta a waje. Ta yi fushi, magoya bayanta suka yi zanga-zanga, amma a ƙarshe ta zauna a kujerar adawa. A lokacin Zuma ne mataimakin shugaban ANC. Ƙa'idar da ta ci ANC jiya ita ce ta ci MK yau. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

3. Maƙiyan jiya a teburi ɗaya

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan gwamnati shi ne su wane ne suka zauna tare. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa zaɓen 1994, magoya bayan Inkatha, wato IFP ta yau, da magoya bayan ANC sun yi ta kashe juna a wannan lardi. Dubban mutane suka mutu, aka ƙona gidaje, ƙauyuka suka rabu gida biyu, har akwai unguwannin da ɗan wata jam'iyya ba ya iya takawa. Kewayen Pietermaritzburg, inda majalisar take zama yau, yana cikin wuraren da jini ya fi kwarara. Hukumar binciken gaskiya da sasantawa ta gano daga baya cewa jami'an tsaron gwamnatin wariyar launin fata suna da hannu wajen rura wutar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Buthelezi bai yarda ya shiga zaɓen 1994 ba sai ana saura mako guda, har sai da aka liƙa sunan jam'iyyarsa a ƙasan takardun zaɓen da aka riga aka buga. IFP ta ci lardin, Frank Mdlalose ya zama Firimiya, kuma cikin kwamishinoninsa akwai wani jigon ANC mai kula da tattalin arziki da yawon buɗe ido: Jacob Zuma. A matakin tarayya Mandela ya ba Buthelezi ministan cikin gida, ya riƙe kujerar shekara goma. Mutane da yawa sun yaba wa Zuma a kan rawar da ya taka wajen kwantar da wutar gabar nan. Zaman gwamnati ɗaya bai sa sun so juna ba, amma ya sa wanda jiya yake neman ran ɗan'uwansa yau dole ya zauna da shi a kan kasafin kuɗin asibiti da makaranta.

Ita kuma DA, wadda a tarihi yawancin magoya bayanta fararen fata ne da 'yan asalin Indiya da masu matsakaicin hali na birane, ta shafe shekaru tana kiran ANC jam'iyyar cin hanci, ANC kuma tana kiran ta mai kare gatan Turawa. Ga su yau a majalisar zartarwa ɗaya, ɗan DA yana riƙe da lalitar kuɗi, 'yan ANC suna zuwa wurinsa neman na magani da na littattafai. Wasu za su ce munafunci ne. Ni ina ganin ita ce siyasa in ta balaga. Jama'a sun ƙi ba kowa wuƙa da nama, saboda haka dole kowa ya rage buri.

A tuna kuma cewa wannan lardi ne ya kama da wuta a watan Yuli 2021 bayan an ɗaure Zuma saboda raina kotu. Aka wawashe shaguna da rumbunan ajiya, aka tare manyan hanyoyi, mutane fiye da 350 suka mutu a nan da Gauteng. Shekara uku bayan haka jam'iyyar mutumin nan ta zo ta ɗaya, ta rasa mulki da ƙuri'a biyu a zauren majalisa, kuma ba a maimaita waccan ɓarna ba. 'Yan MK sun sha rantsuwa, sun tsayar da ɗan takararsu, sun faɗi, sun zauna a kujerun adawa. Wannan abin yabo ne a gare su, kuma duk mai adalci ya kamata ya faɗa.

4. Inda mai ƙorafi yake da gaskiya

Ba zan ce komai lafiya ba. Mutanen da suka zaɓi MK ba mahaukata ba ne. Rashin aikin yi a ƙasar ya haura kashi 30 cikin ɗari, an sha ɗauke wuta, unguwanni da yawa a Durban da kewaye sun sha fama da rashin ruwan famfo, ambaliyar Afrilu 2022 ta kashe mutane fiye da 400 ta bar dubbai ba muhalli. Ruwa ba ya tsami banza. Sun fito ne su hukunta ANC, suka kuma hukunta ta, sai ga ta ta dawo ta riƙe lafiya da ilimi da sufuri. Mai jin haushin wannan yana da dalili. Gwamnatin da ta ɗauki kashi 45 na jama'arta a matsayin abokan gaba, ta hana yankunansu aiki don sun zaɓi MK, ita da kanta za ta halatta ƙorafin da doka ba ta halatta ba.

Na biyu, rinjayen kujera ɗaya tsayuwa ce a kan ƙafa ɗaya. NFP, wadda ta ɓalle daga IFP a 2011, ba ta samu ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ba, amma ta tashi da ma'aikata sukutum, domin in ta koma ɗaya ɓangaren lissafi ya zama 40 da 40. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A watan Disamba 2025 MK ta kawo ƙudurin yanke ƙauna a kan Ntuli. Bai yi nasara ba, amma zaman ya rikice da hayaniya, kuma idon kowa a kan wannan kujera ɗaya yake. Gwamnatin da kullum take ƙirga kawuna kafin ta kwanta barci, wane lokaci za ta samu ta gyara famfo?

Mutanen Johannesburg sun ga ƙarshen irin wannan. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 babu jam'iyyar da ta samu rinjaye a majalisar birnin mai kujeru 270. Aka yi ta ƙulla ƙawance ana warwarewa, ana naɗa magajin gari ana saukewa, har sau biyu a 2023 aka ɗora ɗan jam'iyyar Al Jama-ah mai kujeru uku kacal, domin manyan sun kasa yarda da juna. Ana wannan dambarwa tituna suna fashewa, ruwa yana yankewa. Ƙawancen da aka gina a kan rabon kujeru kawai zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gaba.

Misalin da ya fi kusa da mu kuwa yana Nijar. A zaɓen majalisa na Fabrairu 1993, MNSD-Nassara ta Tanja Mamadu ce ta fi kujeru, 29 cikin 83. CDS-Rahama da PNDS-Tarayya da ANDP-Zaman Lahiya da wasu ƙanana suka haɗu a ƙawancen AFC suka tara 50. Mahaman Usman ya zama shugaban ƙasa, Mahamadu Isufu firayim minista. Halal ne, babu wanda aka yi wa fashi. Amma igiyar da ta ɗaure su ɗaya ce: kada tsohuwar jam'iyya mai mulki ta dawo. Da aka zo kan wa ke da ikon yin me, sai igiya ta tsinke. A watan Satumba 1994 Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, Hama Amadu ya zama firayim minista, shi da shugaban ƙasa suka shiga zaman doya da manja har aikin gwamnati ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su gaba ɗaya. Ƙin mutum ɗaya yana iya tara jama'a ranar zaɓe, amma ba ya riƙe su shekara biyar. In tsoron Zuma ne kaɗai ya haɗa mutanen Pietermaritzburg, to su dubi Yamai.

5. Mu da muke zagin ƙawance

Abin da ke ba ni takaici shi ne mu da muke kiran ƙawancen wasu fashi, da ƙawance muka karɓi 'yancin kai. Bayan zaɓen tarayya na 1959 NPC ta fi kujeru amma ba ta kai rinjaye ba, ta haɗa gwamnati da NCNC. Abubakar Tafawa Balewa ya zama firayim minista, Azikiwe ya zama gwamna janar, Awolowo ya zama madugun adawa. A 1979 ma NPN ta Shehu Shagari sai da ta ƙulla yarjejeniya da NPP kafin ta iya tafiyar da majalisar tarayya, yarjejeniyar kuma ta watse a 1981.

Mun kuma ga abin da rashin zama teburi ɗaya ke haifarwa. A tsohuwar jihar Kaduna a 1979 jama'a suka ba Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, suka ba NPN rinjaye mai yawa a majalisar dokoki. Ko me mutum zai ce game da wa ke da laifi, saƙon masu zaɓe a fili yake: ku yi aiki tare. Ba a yi ba. Majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinoninsa, ya yi mulki ba kwamishina, ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a Najeriya. Kusan shekara biyu aka ɓata ana ja-in-ja, kuma talakan Katsina da Zariya da Kafanchan ne ya biya kuɗin.

Yau kuma mun samo wata hanyar da ta fi duka muni. Ɗan majalisa ya ci zaɓe a jam'iyyar adawa, da ƙuri'un mutanen da suka tsaya cikin rana don su ƙi jam'iyya mai mulki, bayan 'yan watanni a wayi gari ya sauya sheƙa ya koma wurin waɗanda aka zaɓe shi ya sa wa ido. Sashe na 109 na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu ko ta yi maja da wata. Amma kullum sai a nemo ɓarakar da za a fake da ita. Babu takarda, babu sharaɗi, babu wanda ya san abin da aka yi alƙawari a ɗaki. A yi gangami, a raba huluna, a ce an yi babban kamu.

A kwatanta. A KwaZulu-Natal ɗan DA yana nan ɗan DA, ɗan ANC yana nan ɗan ANC. Kowa ya san wace jam'iyya ke riƙe da wace ma'aikata. In asibiti ya rasa magani an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma a zaɓen 2029 kowace za ta tsaya da sunanta ta amsa tambaya. A wurinmu kuwa ƙuri'ar da ka ba wannan jam'iyya ita ake ɗauka a kai wa waccan ba tare da an tambaye ka ba. In ana neman inda aka yi wa mai zaɓe fashi, a nan ne. Amma wannan muke yi wa tafi, wancan muke tsine wa.

6. Ƙawancen da ya cancanci a mara wa baya

Ba kowane haɗin gwiwa ne abin yabo ba, kuma ga ma'aunin da nake ganin ya kamata a riƙa auna shi da shi, a Pietermaritzburg ne ko a Kano ko a Maraɗi.

Na farko, a rubuta yarjejeniya a buga ta kowa ya karanta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka ƙulla da sunan jama'a ba shi da dalilin zama sirri.

Na biyu, aiki ya riga muƙami. A fara cewa ga rijiyoyi nawa, ga azuzuwa nawa, ga yadda za a biya albashi a kan lokaci, sannan a zo kan wa zai riƙe wace kujera. In aka fara da rabon kujeru, ranar da wani ya ga rabonsa ya yi kaɗan ranar zai tashi.

Na uku, a shata hanyar sasanta saɓani tun ana shiri. Abokan tafiya dole su saɓa. A 2025 ANC da DA sun yi ta kai ruwa rana a kan ƙarin harajin kayan masarufi a gwamnatin tarayya, har aka ɗage gabatar da kasafin kuɗi, daga baya aka janye ƙarin, gwamnatin kuma ba ta rushe ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Na huɗu, a girmama wanda aka bari a waje. Jam'iyyar da ke da kujeru 37 tana da haƙƙin a ba ta lokacin magana, a sa ta a kwamitocin binciken kuɗin gwamnati, a yi wa yankunan da suka zaɓe ta aiki kamar kowa. Ita ma tana da nata nauyin: ta yi adawa da hujja, ta shirya wa zaɓe na gaba, ta koyi neman abokai. Kujeru huɗu ne suka raba ta da mulki, kuma hanyar samun su tana wurin masu zaɓe da teburin shawara, ba a titi ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma al'ummar da ta kasu a ra'ayi da harshe da addini ba za ta daɗe a hannun jam'iyya ɗaya mai cinye komai ba. Kirana ga mai karatu shi ne, in ka sake jin an kafa gwamnatin haɗin gwiwa a wani wuri, kada ka yi saurin cewa an yi fashi. Tambayi kujeru nawa ne, wa ya samu nawa, me aka rubuta, me aka yi wa jama'a. Sannan ka juyo gida da waɗannan tambayoyi. Ranar da ɗan majalisar mazaɓarka ya ce zai sauya sheƙa, ku tara dattawa da matasa ku je ku same shi, ya faɗa muku a bainar jama'a abin da aka ba shi da abin da ku za ku samu. In ya kasa faɗa, ku ajiye masa amsa har ranar zaɓe.